Rasuwar Tabarau Mai Kiɗa a Kan Rumfa

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da gwiwoyin da suka fara komawa halinsu na da, Malam Rufa'i na Dumega yana sanar da 'yan'uwa da abokan arziki rasuwar Tabarau Mai Kiɗa, wanda ya cika ranar Laraba da azahar, yana da shekara biyu da wata huɗu a gidan. A faɗi gaskiya tun farko: ba tsufa ya kashe shi ba. Ƙyashi ne, ƙyashin dattijo ɗan shekara sittin da tara da ya kasa haɗiye cewa matarsa ta fi shi.

Ga wanda bai san marigayin ba, Samira ce ta kawo shi, 'yar malam da ke aikin asibiti a Yamai, bayan likita ya ce jinin mahaifinta ya hau, tumbinsa ya yi gaba, lalle ya riƙa motsa jiki. Ana ɗaura shi a ido, a riƙe sanda biyu. Sai tsakar gida ta ɓace, kiɗa ya tashi, wasu tubala masu launi su taso wa mutum a guje, shi kuma ya sare su daidai da bugun ganga. Sharaɗi ɗaya ta kafa: kada idon tabarau ya kalli rana, ko na ɗan lokaci.

Ranar farko malam ya sari randa, ya taka kaza, ya tashi da maki talatin. Ya ce abin na marasa aikin yi ne. Amma a mako na uku ya gane ashe gangar noma ce aka sa wa wuta. Yadda a samartakarsa ba ya kallon hauya a wurin gayya, makaɗi yake saurare, haka ya daina bin tubala da ido, ya koma bin su da kunne. Daga nan hannu ya faɗa. Ɗari biyu, ɗari huɗu, har ɗari shida da goma sha ɗaya. Tumbi ya janye, aka rage wa wando mazagi. Mutumin da sai ya dafa bango yake tashi daga tahiya ya koma miƙewa kafin liman.

Marigayin mai haƙuri ne. Bai taɓa tambayar shekarun kowa ba. In an sara daidai ya ce "tas, tas", in an kuskure ya ce "ɓuu" a hankali cikin kunne, ba ya kai maganar waje. Aibinsa guda, ba ya ƙarya, kuma yana rubuta makin kowa kusa da sunansa.

Da haka ciwon ajali ya shigo. Malama Ajuma, uwargidan malam, wadda ta yi shekara arba'in tana daka da luguden taɓarya, ta ce bari ta ga abin da ke sa tsoho tsalle. Cikin wata biyu ta kai ɗari shida da goma sha huɗu. Ba ta yi fahariya ba. In ta aje masa tuwo dai takan ce ya ci da kyau, saura uku.

Malam ya yi kwana tara yana bin ukun nan, gumi har gemu, bai kamo ba. Ranar Laraba zai tafi suna Tibiri, ya tuna gida zai zama nata ita da marigayin har la'asar. Sai ya ce zufa ta jiƙa abin, yana son iska. Ya ɗora shi kan rumfa, wurin da ake shanya kuɓewa, inda hannun Ajuma ba ya kaiwa. Ya aje shi rigingine, ido sama, a tsakiyar bazara.

Da ya dawo ya ɗaura, kiɗa na nan, amma baƙin tabo ya cinye tsakiyar gani. An garzaya da shi Dogon Dutsi wurin Salman mai gyaran waya. Ya duba, ya girgiza kai, ya tambaya wa ya shanya shi a rana. Malam ya ce ba tarihi aka zo ji ba.

Marigayin ya bar sanduna biyu marayu, da igiyar caji, da kwali, da Malama Ajuma wadda ta fi kowa dangana.

Ba za a yi masa salla ba, malam bai ruɗe har can ba. Ranar Juma'a da hantsi za a naɗe shi a tsohon rawani, a mayar da shi kwalinsa, a sa ƙarƙashin gado inda rana ba ta leƙawa. Ana karɓar gaisuwa a zaure. Masu zuwa kada su kira Samira, malam zai gaya mata da bakinsa in ya shirya. Ya yi asarar abokin safiya, da randa guda, da mazagin da za a sake ƙara wa tsawo, da maki uku da Ajuma za ta riƙe har abada.