Ɗumin Gidan Mista Lindquist

Duk unguwarmu ta bakin tafki a Duluth, birnin nan mai tsananin sanyi, babu mai ilimin ɗumi kamar Mista Orville Lindquist. Shi da kansa ya shaida mana haka, ba sau ɗaya ba. Muka naɗa shi Sarkin Ɗumi, ya karɓi sarautar hannu bibbiyu, bai ji dariyar da ke cikinta ba.

Gidansa ginin dā ne, na zamanin da magina ke aiki da tsoron Allah. Bututun ruwan zafi ne shimfiɗe a ƙarƙashin katakon daɓe, tukunyar da ke dafa ruwan tana can ɗakin ƙasa, wanda ke ƙarƙashin gidan. Tun zamanin surukinsa daɓen ke ɗumama ƙafar mutum a hankali, ba hayaniya. Laifinsa ɗaya, ya tsufa yana shan gas.

Da Ƙungiyar Masu Tsofaffin Gidaje ta tashi zaɓen shugaba, Sarkin Ɗumi ya dubi kujerar ya ga don shi aka sassaƙa ta. Ya kira taron zaɓen a gidansa a tsakiyar sanyin Janairu, ya yi alkawarin kowa zai tuɓe har safa.

"Delores," ya ce wa matarsa, "ɗumi ɓarawo ne, sama yake gudu. Ni kuwa zan tare masa hanya."

"To Orville, in ka tare masa sama, ina zai bi?"

"Ke dai ji da girkinki. Wannan kimiyya ce."

Ya sayo soso mai kauri ya malala a daɓe daga bango zuwa bango. Ya ɗora kafet a kai, ya ƙara da darduma mai gashi. Ƙarƙashin bututun kuwa, inda ya kamata a tare, ya bar shi tsirara. Kyanwarsu, wadda ta girma tana kwana a tsakar falo, ta shinshina aikin, ta sauka ɗakin ƙasa ba ta dawo ba. Sarki ya ce dabba ba ta san ci gaba ba. Ya ƙara wa tukunya wuta.

Ranar taro baƙi suka tuɓe takalma a bakin ƙofa yadda muka saba. Safa kam babu wanda ya taɓa. Sarkin Ɗumi ya tsaya gaban taga, ya maƙale babban yatsa a aljihun falmaran.

"Jama'a, abin da kuke takawa ba kafet ba ne, tunani ne! A gidan nan ko ƙwayar ɗumi ɗaya ba ta tashi sama sai da izinina."

"Wallahi mun shaida," in ji tsohuwa Misis Haugen, numfashinta na fita kamar hayaƙi.

Ya ɗauka yabo ne, ya rusuna mata. Ya lumshe ido ya shiga tarihin ɗumi tun daga Rumawa. Misis Haugen ta ce bari ta taya Delores ɗauko kofuna a ƙasa. Wani ya bi ya duba ko lafiya. Wani ya bi ya duba wancan. Da Sarki ya buɗe ido yana jiran tafi, kujeru ya tarar.

Ya bi muryoyi ya sauka. Ɗakin ƙasa da zafi kamar Yuli! Dankalin Delores har ya yi tsiro a buhu. Mutane sun zubar da rigunan sanyi, suna cin gasasshen dankali da nama, kyanwa ta miƙe a tsakiya. Hannuwa kuma suna sama.

"Me ake ƙirgawa?"

"An gama," in ji Misis Haugen. "Delores muka zaɓa. Ita ta nuna mana inda ɗumin yake."

Sabuwar shugaba ta miƙo masa kofi.

"Tuɓe safarka, Orville, alkawari ka yi. In ka ɗumama, hau ka naɗe mana kimiyyar nan."