Tuna Min Anjima

Ranar Talata da hantsi na sabunta babbar manhajar kwamfutata, kuma tun ranar babu wanda ya sake yi min faɗa a gidana.

Masu karatu sun sha tambayata ko sabuwar manhajar nan da ake ta yayatawa, wadda ke tafiyar da kwamfuta gaba ɗaya, ta cancanci a koma mata. Da ina amsa musu daga abin da na karanta. Yau zan amsa daga abin da ya same ni.

Ni dai ban nema ba. Shekara goma sha ɗaya tsohuwar tana min aiki, tana nishi kafin ta tashi, kamar mai ita. Sai Mai Girma Babban Daraktan Sauƙaƙa wa Jama'a, Allah ya ƙara wa kujerarsa laushi, ya lura cewa mu tsofaffi masu karɓar maganin hawan jini muna shan wahala a layi. Tausayi ya kama shi har ya kira taron kwana uku a otal. Aka yanka ƙyalle a gaban wani allo, aka yi tafi, aka sanar cewa layi ya ƙare: kowa ya sabunta katin maganinsa a shafin intanet daga ɗakinsa. Shafin kuwa ba ya buɗewa sai a sabuwar manhaja. Wannan bai shiga jawabin ba, ina jin lokacin cin abinci ne ya yi.

Maƙwabcina tela ya ce na daina taurin kai, ya ji an ce sabuwar ta fi sauri. Na tambaye shi ina zan je da saurin. Ya ce shi dai abin da ya ji ke nan, ya ci gaba da taka keke.

Bari na ɗan koma baya. Marigayiya matata ma'aikaciyar jinya ce, Sista nake kiranta ko a gida. Shekara talatin tana ba mutane magani, don haka babu ƙaryar majiyyacin da ba ta sani ba, tawa kuma ta haddace ta. Wata biyu kafin ta rasu ta riƙa zama gaban kwamfutar tana ƙwanƙwasawa da yatsa biyu, ta hana ni leƙawa. Bayan an yi mako da binne ta, ƙarfe biyu na rana, wani ɗan akwati ya faɗo a tsakiyar allo: "Malam, magani." Washegari: "Ajiye littafin nan, ba gudu zai yi ba." Wata rana: "Kada ka ce ka sha. Ƙirga ƙwayoyin." Kullum da irin nata. Ban taɓa leƙa na gaba ba, ban kuma san na shekara nawa ta rubuta ba.

A ƙasan akwatin akwai madanni biyu. Ɗaya "To", ɗaya "Tuna min anjima". Shekara huɗu na biyun nake dannawa. Maganin ina sha, kada wani ya kai ƙarata. Amma in na danna "To" sai gobe, in na danna ɗayan tana dawowa bayan minti goma.

Na kai kwamfutar wurin mai gyara, a wani shago da matattun alluna suka kai rufi. Mutumin kirki ne, ya tambaye ni abin da nake so a ajiye kafin ya goge komai. Na ce rubuce-rubucena da hotuna. Su ya ajiye, ko ɗaya bai ɓata ba. Akwatin bai zo min a rai ba. Na ɗauka a jikin na'urar yake, kamar yadda ƙanshin mutum ke zama a ɗaki. Ni da na cika kantoci uku da littattafai.

Ƙarfe biyu ta yi ina zaune da kofin ruwa. Ta wuce. Ƙarfe uku na koma shagon.

"Baba, ai wannan ɗan tsarin ya daɗe da mutuwa," in ji shi. "Sabuwar ma ba ta karɓarsa. Da ka faɗa min, da na kwafe maka rubutun a takarda."

Ya yi ta bincike har ya yi gumi, bai samo komai ba. Don ya rarrashe ni ya ce sabuwar tana da mataimakiya mai magana, muryar mace, mai ladabi ƙwarai, za ta tuna min da magani duk lokacin da na so. Na ce masa ladabin ne matsalar.

Shafin Mai Girma kuwa ya buɗe, a yaba masa. Ya yi min maraba, ya karɓi sunana da shekaruna, sannan ya ce na je ofis da kaina don a tabbatar ni ne. Na je, na tarar da layin nan lafiyarsa ƙalau, har ya yi ƙiba. Da na isa gaban akawu na leƙa allonta, sai ga tsohuwar manhajata, tana nishinta.

"Mu ba a sabunta mana ba, Baba, shafin ba ya buɗewa a tamu," ta ce, ta zaro biro ta sabunta min katin da hannu.

To, sabuwar manhajar ta cancanta? Kusurwoyin akwatunanta sun fi zagaye. Tana nuna min yanayin gari, abin da tagata ke yi kyauta. Tana kuma mutuwa da sauri, wannan kam tela ya yi gaskiya. Wanda kwamfutarsa ba kowa a ciki sai shi, ya sabunta. Saura, in mai gyara ya tambaye ku abin da za a ajiye, ku zauna tukuna, kada ku amsa a tsaye.

Mai Girma ba ni da abin faɗa masa, ya riga ya tafi wani taron. Abin da ke cina ɗaya ne. Na yi niyya wata rana, in na shirya, na danna ɗaya madannin.

To, Sista. Na sha.