Ranar da Aka Haska Tsohon Shafina a Bango

Ba zan taɓa mantawa da wata Laraba a makarantar da nake koyarwa a Karaye ba. Wata malama ce ta zo daga jami'a, aikinta tattara tsofaffin shafukan da Hausawa suka rubuta a intanet tun zamanin da sai ka bi layi a shago kafin ka taɓa kwamfuta. Ta ce ana adana su ne saboda masu rubuta tarihi nan gaba. Aka tara ɗalibai da malamai, har da dattawan gari.

Da yake ni ne malamin tarihi, ni aka sa in gabatar da ita. Maimakon in taƙaita in zauna, sai baki ya ja ni. Na ce, "Malama, ki yi haƙuri, mu da muka ga zamanin nan mun san abin da ke ciki. Shirmen samari ne marasa aikin yi." (Ni kuwa sai da na shekara uku da irin shafin ina ɗalibi a Kano. Na goge shi tuni, a zatona ya bi ruwa.)

Ta yi murmushi ta ce, "To Malam, bari mu duba wani daga yankin nan."

Ta kunna majigi. Sai ga wani siririn saurayi ya cika bango, da baƙin tabarau, ya rungume furen roba. A samansa an rubuta "Sarkin Masoyan Tudun Kaya", a ƙasansa waƙar da ta fara da "Zuciyata ta zama gyaɗar da aka soya ba yashi." Wata ɗaliba ta ce da ƙarfi, "Wallahi kunnuwan Malam ne!" Zauren ya kece da dariya. Shugaban makaranta har da cire hula yana fifita. Na nemi ƙasa ta tsage, ta ƙi.

Baiwar Allah ba ta san ni ne mai shafin ba. Ta dube ni, ta dubi bango, ta ce, "Ba don waƙar na zaɓo shi ba."

Ta gangara ƙasan shafin. Ashe hirar da na taɓa yi da kakata ce, tana ba ni labarin tsohon ƙauyensu kafin ruwan dam ya shanye shi. (Na saka ta ne kawai don a makon nan waƙa ta ƙi zuwa.) Malama ta fara karantawa: inda marina take, tsamiyar da ake sussukar gero a gindinta, rijiyar gari, gidan wa ke jikin gidan wa. Kalmomin kakata ne sak, har da "kai dai bari" ɗinta, ita da ta daɗe a ƙasa. Dariya ta tsaya kamar an yi ruwa an ɗauke.

Wani dattijo, Baba Audu, ya miƙe da sandarsa. "'Yata, maimaita wurin rijiyar nan."

Ta maimaita.

"Rijiyar Gwauro," ya ce. "Mahaifina ne ya haƙa ta. Tun da muka taso ban ƙara jin an ambace ta ba. Allah mai iko, yanzu har ruwa ya ci gari amma sunan yana nan?"

Malama ta ce ba ta ga bayanin ƙauyen a ko'ina ba sai nan. Wata na'ura ce a can wata uwa duniya ta kwafi shafin kafin in goge, ta ajiye shi shekara da shekaru ba wanda ya tambaya.

Da aka tashi na raɓe ta, na ce ƙasa-ƙasa, "Malama, ba za a bar hirar a cire sauran ba?"

Ta ce, "Haba Malam. Kai da ke koyar da tarihi?"

A ranar na gane tarihi ba ya neman izini kafin ya ajiye mutum, kuma ba lallai ne ranar da ka yi hankali zai biyo ta kanka ba.