Neman Geji Har Ikara

Shekara ashirin ina kanikanci a Makarfi. Da Alhaji Lawal na Kudan ya kawo jar motarsa mai ƙofa biyu, irin ta tsere, a duba masa baƙin mai, ko a jikina. Ai na taɓa kwance injin tsohuwar ƙirarta.

Na buɗe bonet, na lalubi geji, ƙarfen da ake zarowa a ga mai. Babu shi.

Na ce, "Alhaji, dillalai sun cuce ka, sun zare geji. In ban samo shi ba, kada ka ƙara kirana Oga."

Na hau babur na karaɗe shagunan Ikara, washegari na ƙara da Zariya. A rana ta uku ina ƙarƙashin motar ina neman raminsa, sai matar Alhaji ta zo ɗaukar jakarta da ta manta a cikin motar. Ta latsa wani maɓalli a sitiyari.

"Malam, ai ga man nan a allo. Sabuwar ƙira ba ta da geji."

Alhaji bai ƙara kirana Oga ba. Masu sayar da rake a bakin garejina kuwa, har yau in na gifta sai sun miƙo min sanda guda: "Gwada wannan, ko zai shiga!"