Guɗar da Ba Tawa Ba

Ba zan taɓa mantawa da Juma'ar nan ba, kuma ko na so mantawa mutanen Bani Malik ba za su bar ni ba. Sana'ata gyaran na'urar sanyaya ɗaki, wadda a Jidda muke ce wa mukayyif, amma a raina ni mawaƙi ne da ƙaddara ta ɗora wa tsani a kafaɗa. Shekara goma sha ɗaya ba a yi bikin Hausawa daga unguwar Ruwais har Mahjar ban karɓi makirfo ba. (Ku lura, ban ce ana ba ni ba, na ce ina karɓa.)

Kun san yadda bikinmu yake a nan. A kama istiraha, wato gidan taro na haya, maza a zaure ɗaya, mata a wani, katanga a tsakani, waya ta ɗauki abin da ake yi a wajen maza ta kai lasifikar ɓangaren mata. To duk ranar da na fara waƙa, ba na kai baiti na biyu sai guɗa ta tashi bayan katangar, har da tafi raf-raf-raf. Maza kuwa kowa sai ya sunkuya yana danna waya. Na riga na yanke hukunci tun tuni: maza hassada, mata su ne suka san waƙa.

Ana nan sai labari ya zo cewa za a yi gasar waƙar Hausa ta ƙasa da ƙasa, kowace ƙasa da Hausawa ke zaune ta aika mutum ɗaya. Na Sudan za su aika, na Ghana za su aika, mu ma na Saudiyya aka ce mu fid da namu. Mu uku muka shiga: ni, da Usman mai gashin nama a Mahjar, Bahaushen Sudan da ko gaisuwa da ƙyar ake jin muryarsa, sai wani Faisal haifaffen Jidda da ke fara baiti da Hausa ya ƙarasa da Larabci. Da na ga abokan karawar, a ranar na kai shadda ɗinki, na kuma sanar da dangi a gida cewa su sa ido za su gan ni.

Ammi Bashir, dattijon da ke shugabantar kwamitin, ya ce alƙalai uku za su saurare mu su zaɓa, shi ke nan. Nan na miƙe.

"La, ya ammi, ba a haka," na ce. "A ƙasashen da suka san abin da suke yi, rabi na alƙalai ne, rabi na jama'a. Kuma jama'ar nan har da mata. A ƙirga tasu daban, a faɗa a fili kowa ya ji."

"Ya waladi, ka bar wa alƙalan nan," in ji shi, yana kallona da wani irin tausayi da ban gane ba a lokacin. "Mutanenka ne fa."

Na ƙi. Na yi ta jayayya har shayin kowa ya huce. A ƙarshe ya ɗaga hannu ya ce, "Tayyib, halas. Yadda ka ce." Aka tsaida cewa kowa zai ci dabino ɗaya, ya jefa ƙwallon a farantin wanda ya zaɓa. Shawarar ƙwallon ma tawa ce, in gaya muku gaskiya.

Ban tsaya nan ba. Na daɗe ina lura cewa bayan kowane biki wayar lasifikar mata a cire nake samunta. Na ce sakacin masu istiraha ne. Don haka ranar zaɓen, tun da hantsi na je istirahar da kayan aikina, na haɗa wayar kai tsaye cikin bango, na ɗaure ta da sukurori huɗu, na rufe. Ko aljani ba zai cire ta ba.

Bayan La'asar aka fara. Faisal ya yi tasa, rabi mun gane rabi mun bar wa Allah. Usman ya tashi yana share hannu a jallabiyarsa, ya buɗe baki, sai zauren ya yi tsit, wani tsoho kusa da ni har da share ido. Na ce a raina, to, ba laifi, ya yi ƙoƙari.

Sai ni. Na gyara hula, na ja numfashi, na saki baitin farko. Na shiga na biyu ina jiran guɗa. Shiru. Na ƙara murya. Shiru. Na uku na rufe ido na kai ta har inda jijiyar wuyana ta ƙare, abin da ya amsa daga bayan katanga kukan jariri ne, wani ya kama masa, sai ga su kamar biyar. Baiti goma sha biyu na tanada, kuma duk sai da na yi su.

Alƙalai suka fara faɗin nasu: ni ne na ɗaya! (Daga baya na tuna duk ukun ni ke wanke musu mukayyif kowane lokacin zafi ba ko riyal. Kara suka yi min.) Farantan maza ma ban ji kunya sosai ba. Da na bi maganar Ammi Bashir, da tuni an gama, shaddata ta sha jirgi.

Aka turo farantan mata ta ƙaramar ƙofa. Na Usman ya yi tozo har ƙwallaye na gangarowa. Na Faisal akwai bakwai. Nawa kuwa kamar yanzu aka wanke shi.

Mai hankali zama zai yi. Ni makirfo na fizga.

"An yi maguɗi! Shekara goma sha ɗaya matan nan na yi min guɗa! Kuma ko ba kowa, ina ƙwallon Ummu Khalid, matata?"

Sai muka ji an hura makirfon ɓangaren mata. Khala Sa'adiyya ce, tsohuwar da ta karɓi haihuwar rabin yaran unguwarmu, wadda ba ta taɓa tauna magana ba.

"Ya Abu Khalid, ya waladi, isma' ka ji. Wallahi yau muka fara jin waƙarka har ƙarshe, Allah ya saka mana. Kullum kana farawa, Ummu Khalid ke tashi ta cire wayar. Guɗar nan da kake ji, ita muke yi wa. Yau miskina ta ja ta ja har farcenta ya karye, wani ɗan banza ya ɗaure abin da sukurori. Halas, ka zauna."

Ban san dariyar maza na iya girgiza tagogi ba sai ranar. Ammi Bashir ya rufe fuska da rawaninsa, kafaɗunsa na rawa. Faisal ya dafa ni yana cewa, "Ma'alesh ya ammi, yi haƙuri," hawaye na zubo masa. Kunya ta kama ni har tafin ƙafa, na ji ina ma ƙasa ta tsage. Ƙaiƙayi dai ya koma kan masheƙiya, kuma masheƙiyar ce ta zo da sukurorinta.

Muka kama hanya a mota har muka kusa gida. Sai Ummu Khalid ta miƙo hannu daga cikin abaya, ta ajiye min wani abu a cinya. Ƙwallon dabino ne.

"Ga ƙuri'ata," ta ce. "Ban iya ba Usman ba saboda kai mijina ne. Ban iya ba ka ba saboda ina tsoron Allah."

Usman ne ya tafi gasar. Shaddar kuma na sa ta ranar Sallah. Ƙwallon yana nan cikin akwatin kayan aikina, duk sanda waƙa ta taso min a kan tsani sai in buɗe in dube shi. Abin da na koya bai da yawa: in ka ji guɗa bayan katanga, ka bincika wa ake yi wa kafin ka kai shadda ɗinki. In kuma ka ga waya a cire shekara goma sha ɗaya, ka bar ta yadda ka same ta, mai rufa maka asiri ce ta cire.