Makullin Halliru Direba

Ranar Talata, sha uku ga watan Mayu na shekarar 2025, da hantsi, Alhaji Halliru Direba ya fara haɗuwa da motar. Babban ɗansa Saifuddeen ne ya tuƙo ta daga Abuja, ya tsayar da ita a gindin darbejiyar da ke ƙofar gidansu a Wudil. Fara ce, mai aiki da lantarki, ba ta shan mai, ba ta ƙugi. Ya sa an shimfiɗa sola a kan rufin gidan domin caji. Da Halliru ya miƙa hannu a ba shi makulli, sai aka ɗora masa waya a tafi, aka ce masa ita ce makullin.

Shekara talatin da shida Halliru ya yi yana jan tirelar shanu daga karar Wudil zuwa Legas, bayan ya sauka kuma ya riƙe wata tsohuwar Fijo. A waɗancan motoci hannunsa ya san mazaunin komai, ba sai ya duba ba. Wannan kuwa, in ka cire sitiyari da birki da totur, komai nata yana cikin wani allon gilashi sumul, babu abin lalube. Allon ido yake so. Ido kuwa shi ne abin da Halliru yake ɓoyewa, domin shekara biyu ke nan yana gani dishi-dishi, bai faɗa wa kowa ba, har matarsa Uwa. Ya san ranar da aka sani, ranar za a raba shi da tuƙi.

Washegarin cika-ciki, lokacin da 'ya'yan mace suke bin taubasansu 'ya'yan namiji karɓar shara, yana zaune a kan benci bayan azahar, yana shirin tafiya Lajawa gaisuwar mutuwa. Hadari ya haɗo daga gabas. Wayar tana ajiye a gefensa. Sai ga Mas'uda, 'yar gwaggonsa, ta iso daga Utai da tsintsiya a hammata. Da murya ya gane ta.

"…da damina, da iyali, da ƙarfin jiki in akwai saura?"

"Lafiya ƙalau, alhamdulillahi. Wa ya kwance ki, baiwa?"

"Tun daga bakin masallaci nake ɗaga maka hannu, ka yi kamar gunki."

"Na gan ki sarai. Na ɗauka buhun gawayi ne ya faɗo daga a-kori-kura, ina jiran mai shi ya zo ya ɗauka."

"Buhun da aka hana ka ɗauka tun kana da haƙora."

"Allah ne ya rufa min asiri. Marigayi mijinki da ya ɗauka, ai kin ga bai yi nisa ba."

"Allah ya jiƙansa, shi dai ya mutu da idonsa biyu a kaina."

Halliru ya yi dariya, amma maganar ta tsaya masa. Mas'uda ta sunkuya ta ja tsintsiyar sau uku a gaban bencin, yadda aka saba kowace shekara. Da ta miƙe, ya kai hannu gefensa, ya ji katako kawai.

"Ke, ba ni wayata."

"Sai ka fanshe ta."

"Ba waya ba ce kaɗai, makullin mota ce. Tafiya zan yi."

"Makulli? To ina haƙoransa? Ko shi ma ya biyo halin mai shi?"

Ta nufi gindin darbejiyar. Tana matsawa kusa, motar ta ƙifta fitilu, madubanta suka buɗe, ƙofa ta yi ƙas. Mas'uda ta ja baya tana salati, sannan ta kwashe da dariya.

"Ka ga mai tarbiyya! Ta ga uwar ɗakinta ta miƙe."

Ta koma baya taku goma, motar ta naɗe madubai. Ta dawo, ta buɗe su.

"Halliru, motar nan ta fi ka ladabi. Shekara sittin ina zuwa gidan nan ba ka taɓa tashi ka gaishe ni ba."

"Ladabin banza. Motar da ba ta san ubangidanta ba? Duk wanda ya riƙe waya shi ne maigida, ko ɓarawo ne, ko baiwa ce. Makullin tirelata a igiyar fata yake, a ɗaure a ƙuguna. Ko ruwa ya jiƙa shi, ko ya kwana a caɓi, in na murɗa sai ta amsa. Wannan kuwa, ran Juma'ar nan da ta wuce wayar ta mutu a kara. Ga mota cike da caji, ga ni, ga rana. Sai da na zauna a rumfar mai caji kamar ɗan talla, dillalai suna wucewa suna cewa, Alhaji, yau an kore ka daga ɗaki?"

"Da na sani da na zo kallo."

"Kin ga mugun halin da ya hana ki ƙiba."

Mas'uda ta buɗe ƙofar gaba ta shige, ta ɗora tsintsiyar a cinya, ta tura wayar cikin lalitarta.

"Zo ka kai ni Lajawar. Mamacin ai ni ma ɗan'uwana ne."

"Baiwa a gaban mota? Bayan but ne wurinki."

"But ɗin ma ka iya buɗe shi?"

Ya iya, amma sai ya ƙirga. Tun makon farko ya auna allon da yatsu: huɗu daga gefen hagu, biyu daga ƙasa, nan fitila take. Ya hardace wurare shida. Makonni biyu da suka wuce kuma, ya wayi gari motar ta sabunta kanta, komai ya sauya mazauni. Ya zagaya ya zauna a kujerar direba, ya kama sitiyari da hannu biyu. Nan ne kaɗai wurin da hannunsa bai zama baƙo ba.

Yayyafi ya fara sauka a kan gilashi.

"Kunna abin share ruwan nan mana."

"Waifa ake cewa, 'yar ƙauye."

"To kunna, ɗan birni."

Ya kai yatsa ya taɓa allon. Shiru. Ya sake taɓawa, iska mai zafi ta buso musu a ƙafa. Ya taɓa gefe, rediyo ya kama ihu. Ya taɓa ƙasa, kujerar Mas'uda ta fara ɗumi.

"Wayyo Allah! Gasa ni za ka yi? Ai ko kaza sai an fige ta."

"Ba ya jin yatsana ne. Kanta ce. Hannun da ya sha sitiyarin tirela ba irin na yaran ofis ba ne. Mutum yana tuƙi, a ce sai ya ɗauke kai daga hanya ya shafa gilashi sau uku kafin ya share ruwa? Wanda ya ƙera wannan bai taɓa hawa gadar Wudil ranar kasuwa ba."

"Wannan gaskiyarka ce," in ji Mas'uda. Ta miƙa hannu ta taɓa hoton da ke kusurwa, rediyon ya yi shiru. Ta taɓa wani, waifa ta tashi. "Amma hannuna hannun surfe ne, ya fi naka kanta."

Halliru ya janye hannunsa daga allon.

"Sharar bana ba na son komai daga aljihunka," in ji ta. "Karatu nake so. Ga wata lamba nan babba a sama, ta caji. Karanta min ita in ba ka wayarka."

Ya dubi allon. Haske ne kawai, da wasu baƙaƙen abubuwa suna iyo a ciki. Ya tuna jiya an sa ta caji, an kuma je Kausani an dawo.

"Tamanin da biyu."

Ta juyo ta dube shi.

"Ko da uku. Rana ce take dukan gilashin."

"Halliru, wace rana?"

Ruwa ya ƙara ƙarfi a kan rufin motar. Waifa tana kai da komo. Gari ya yi duhu kamar magariba ta kawo kai.

"Talatin da tara ne," in ji Mas'uda. "Jiya ba a ga rana ba, bai cika ba."

"Uwa ce ta aiko ki."

"Ita ce. Ta ce ranar Laraba ka goge katangar zaure, ka ce katangar ce ta karkace. Ta ce kana miƙa wa baƙo hannu nesa da inda nasa yake. Ita ba za ta iya faɗa maka ba, 'ya'yanka ba za su iya ba, abokanka na tasha kunyarka suke ji. Ni kuwa baiwa ce, ba a yanke wa baiwa harshe a watan shara."

"Fijota ba ta taɓa tona min asiri ba."

"Ita ta taya ka ɓoyo. Ba alheri ta yi maka ba."

Ya shafa sitiyarin da tafin hannu, a hankali. Da ya yi magana, muryarsa ta yi ƙasa.

"Akwai wanda Uwa ba ta sani ba. Ran nan a kan gada, da la'asar, ina neman inda ake rage iska. Na ɗago kai na ga inuwa a gefen hanya. Na ɗauka ta ƙarfen gada ce. Ashe wani dattijo ne yana tura keke da dami a baya. Motar nan ba ta ƙugi, bai ji ni ba, ni ban gan shi ba. Ihun masu kifi ne ya taka min birki. Tsakanina da shi bai kai kamu biyu ba. Har ya juyo yana ba ni haƙuri, Mas'uda. Shi yake ba ni haƙuri."

"Inna lillahi."

"Na dawo gida na ce allon ne."

"Allon yana da laifinsa. Amma da ka ɗago kai, da me ka duba?"

"Shekara talatin da shida, Wudil zuwa Legas, ban taɓa taka ko kaza ba. Duk tasha an san wannan. In na ajiye tuƙi, wane ne ni? Tsoho a kan benci, ana gaishe shi yana tambayar wane ne."

"Kai ne wanda ya yi shekara talatin da shida bai taka ko kaza ba. Wannan sunan kake da shi, kuma yanzu yana hannunka. In ka hau hanyar Lajawa cikin ruwan nan, ban san da wane suna za ka dawo ba."

Ta zaro wayar daga lalita, ta ɗora a tsakaninsu.

"Ga ta nan. Ka faɗi karatu, amma ba zan riƙe maka kaya ba. In ka ce mu tafi, ina zaune, ba zan sauka ba. Sai dai ka tafi da ni."

"Wato ko lahira ba za ki bar ni in tafi ni kaɗai ba."

"Wa zai share maka ƙofa a can?"

Halliru ya saki sitiyarin. Ya san ba za ta sauka ba, tun suna yara haka take. Ya lalubi wayar, ya juya ta a hannu, abu sumul marar nauyi. Sai dariya ta kuɓuce masa, irin wadda take fitowa tare da hawaye, ya goge ido da hannun riga.

"Kin san abin da ya fi damuna da asibitin idon nan?"

"Allura?"

"A'a. Shekara biyu ina hutawa da ganin fuskarki. Yanzu a je a wanke min ido, ki dawo min tar, da wannan hancin."

"Da ka gan ni tar tun farko, da ba a kai ni Utai ba."

"Da na gan ki tar, da ni zan biya motar da ta kai ki."

"Allah ya isa, makahon direba."

"Kin faɗa dai. Kin huta." Ya kamo hannunta ya danƙa mata wayar. "Ungo sharar bana. Tun da ake shara a zuriyarmu ba a taɓa ba baiwa mota ba, ki je ki yi ta baza labari."

"Ni me zan yi da ita? In ɗaure ta a turke?"

"Ki kai wa 'yata Bilkisu, ita ta iya shafe-shafen nan. Ki ce in ta tashi daga makaranta gobe ta kai mu Lajawa, ranar Alhamis kuma Kano. Sannan ki shiga ciki ki gaya wa Uwa ta daina leƙe ta kafar ƙyaure, ina jin numfashinta tun ɗazu."

Ranar Alhamis, goma ga watan Yuli, Bilkisu, 'yarsa ta uku wadda take koyarwa a firamare, ta kai shi asibitin ido a Kano. Likita ya ce yanar ido ce a na hagu, hawan jinin ido kuma a na dama. An yi masa aiki a na hagu cikin watan Satumba, ya dawo yana karatu da tabarau, yana gane mutum tun daga bakin layi. Na dama an makara, bai dawo ba. Halliru bai sake tuƙi ba. Saifuddeen ya mayar da makullin motar cikin wayar Bilkisu, ita take jan ta har yanzu. Duk ranar da za a je Utai ko Lajawa, Halliru yana zaune a baya yana gyara mata tuƙi, domin Mas'uda ta ƙi sauka daga kujerar gaba.