Teburina Mai Durowar Katako Ya Riga Mu Gidan Gaskiya

Da zuciyar da baƙin ciki ya cika ta har baki, ni da mai ɗakina da 'ya'yanmu muna sanar da 'yan uwa, da maƙwabta, da duk wanda ya taɓa shan ruwa a falonmu, rasuwar teburinmu mai durowa ɗaya. Ya cika ranar Talata da hantsi, bayan gajeriyar jinya, a ɗakin da aka haife shi. Mun karɓi ƙaddara, amma ba zan ɓoye wa kowa ba, wannan rashin ya taɓa ni ƙwarai.

An haifi marigayin a ɗakin aikina da ke bayan gida, wanda a da ɗakin tarkace ne. Ni ba kafinta ba ne. Malamin makaranta ne da sha'awa ta sa ya sayi zarto da cizal, kuma marigayin ne ɗan fari a hannuna. Abin ya nuna a jikinsa. Ƙafa ɗaya ta fito gajera, na rage sauran ukun, sai wata ta koma gajerar, na sake ragewa, har mai ɗakina ta leƙo ta ce in dai haka zan ci gaba, tabarma za mu samu a ƙarshe. A nan na ajiye zarto. Shi ya sa marigayin ya yi rayuwarsa kusa da ƙasa, dogayen baƙi suna buga gwiwa a jikinsa suna ba shi haƙuri.

Da aka zo kan durowa na daɗe ina juya magana a raina. Mai shagon kayan gini ya nuna mini layin ƙarfe mai 'yan boris a ciki, irin wanda durowa ke sulalewa a kansa ba ƙara, ya ce in na ɗaura shi na huta har abada. Na juya shi a hannu, na mayar masa da abinsa. Na dawo gida na fere siraran katako biyu, na manna su a cikin teburin, na yi wa durowar tsagi gefe da gefe ta hau kansu. Mai shagon ya ja kunnena cewa katako a kan katako zai kumbura da damina ya saki da rani, kuma bai yi ƙarya ba. Duk shekara ruwa na sauka durowar za ta cije, sai in zare ta in kai ta ɗakin aiki, in kankare kaɗan, in bi da samfefa, in goga mata kyandir, ta dawo hayyacinta. Mai ɗakina takan ce na haɗa wa kaina aikin da ba ya ƙarewa, ni kuwa abin da nake so ke nan.

Marigayin mai haƙuri ne. Ya ɗauki tukunya mai zafi, ya sha tawada, ya jure keken ɗinki, yara sun koyi rubutu a bayansa har da wanda ba a kan takarda ba. Bai taɓa karkata ya kunyata mu a gaban baƙo ba. Amma abin da aka fi saninsa da shi muryarsa ce. Ina kwance a ɗaki nakan san mai buɗe durowar. In mai ɗakina ce sai in ji ƙiii, gajere, almakashi ta ɗauka. In babbar 'yata ce, ƙiiiiir, garam, domin ita tun tana yarinya ba ta roƙon abu sau biyu. Autanmu kuwa a hankali yake ja, ƙi, ƙi, ƙi, wai kada a ji ya zo ɗaukar batirin rediyona. Marigayin bai taɓa rufa masa asiri ba.

Ya kamata masu karanta wannan sanarwa su san abin da ke tsakanina da shi a 'yan shekarun nan. Tun da rawar hannu ta kama ni, babbar 'yar tawa, wadda yanzu malamar asibiti ce, ta kafa doka cewa ni da abu mai kaifi mun rabu. Ta so ta rufe ɗakin aikin a ranar. Mai ɗakina ce ta shiga tsakani, ta ce a bar mini makullin muddin teburin nan yana bukatata, ranar da ya daina sai in miƙa. Na yarda ba gardama, domin a lissafina shi zai ga bayana.

Ciwon ajalinsa ya fara ne a daminar bana. Durowar ta cije kamar yadda ta saba, na kai ta baya, cizal ya kuɓuce ya yanke ni a babban yatsa. Ba wani ciwo ba ne, amma Auta, wanda yanzu magidanci ne da gemunsa, ya ga bandejin da na ɗaura. Ranar da yayarsa ta kai ni ganin likita, sai ya zo da layin ƙarfe da injin huda, ya ɓamɓare katakan nan biyu, ya ɗaure na ƙarfen da sukuru. Muna shigowa ya tarbe ni yana murmushi, ya ja durowar da yatsa ɗaya. Ta fito sumul, ko tari ba ta yi ba. Na gode masa, na sa masa albarka, kuma har zuciyata na yi, domin na san don kada in sake zubar da jini ya yi. Sai dai tun daga ranar marigayin bai ƙara magana ba. Nakan ji takun mutane a falo ban san me suka zo nema ba.

Ashe sukurun sun shiga kusa da inda katakon gefe ya haɗu da ƙafar baya, kuma tsohon katako ba ya son a huda shi babu sallama. Wata siririyar tsaga ta ɓullo kamar gashi, ta riƙa tafiya a hankali. Da ƙafar ta fara lilo, ni da Auta muka ɗauke shi zuwa baya, muka kwantar da shi rigingine.

Na san maganin ciwon. A yanke wurin da ya tsage, a fere sabon gunta a cusa, a sa gam, a matse. Na ja layi da fensir, layin ya fito kamar sawun tsutsa. Na ɗora cizal, bakinsa ya yi ta rawa a kan katakon ya ƙi tsayawa wuri ɗaya. Auta ya miƙo hannu.

"Baba, ka faɗa mini kawai, ni zan riƙe."

Na ba shi. Na ce ya ɗan kwantar da cizal ɗin, ya buga a hankali. Ya tambaye ni kamar yaya. Shekara da shekaru ina wannan aikin ban taɓa faɗa wa kowa yadda ake yi ba, hannuna ne ya sani, shi kuma ga halin da yake ciki. Auta ya ɗaga guduma ya buga. Marigayin ya ce ɓas, tsagar ta wuce har ƙarshen katakon, ƙafar ta faɗo ƙasa. Maganarsa ta ƙarshe ke nan.

"Ni na kashe shi, Baba."

"A'a. Kwanansa ne ya ƙare."

Iyalan mamacin suna roƙon jama'a, don girman Allah, kada wanda ya tayar wa yaron nan da wannan magana, ko da wasa. Tun ranar bai ci abincin kirki ba.

Marigayin ya rasu ya bar durowarsa, wadda ke takaba a gindin bango, tana riƙe da almakashi, da tsohon tabarau, da tarin makullan da ba wanda ya tuna ƙofofinsu. Ya bar kujeru huɗu, waɗanda ba uwarsu ɗaya da shi ba, saye aka yi, amma sun zauna da shi lafiya. Ya bar ƙaninsa, wani ɗan benci da ke bakin famfo, shi ma ba lafiya ce ta ishe shi ba. Ya kuma bar layin ƙarfen nan, sabo fil, ba abin da ya same shi. An ce zai iya sake aure.

Za a yi jana'izarsa ranar Asabar da safe a bayan gida. Auta ne zai kwance shi, ni zan zauna a kusa. Katakon sama za a bai wa maƙwabcinmu tela ya riƙa yanka yadi a kai, ya yi alkawarin ba zai goge rubutun yaran ba. Ƙafafun kuwa mai ɗakina ta rantse ba za su shiga murhu ba, za a jingine su a kan rufin kaji. Bayan haka za a share ɗakin, a shafa wa zarto da cizal mai, a naɗe su a buhu, ni kuma in cika alkawari in miƙa wa 'yata makulli. Ba ta nema ba, ta ma ce a dakata tukuna, amma magana magana ce.

Yaran sun haɗu sun kawo sabon tebur na gilashi, kuma an tabbatar mini ba ya kumbura, ba ya saki, ba ya bukatar komai a wurin kowa. Saboda haka masu zuwa ta'aziyya daga ranar Lahadi, musamman tsofaffin abokaina da suka saba zagayowa ta lungu su ƙwanƙwasa tagar baya, kada su wahalar da kansu. Su shigo ta ƙofar gaba. Za su same ni a falo a zaune, da safe ko da yamma, duk lokacin da suka ga dama.